Takalmin Zomo: Furen Tambarin Najeriya Da Yadda Za Ka Raya Shi A Inuwar Gidan Kiwo

 

Yau ba maganar abincin kaji ko ƙyanƙyasar tarwaɗa zan yi ba, amma dai ba mu fita daga gidan kiwo ba. Duk mai kiwo a cikin gida a irin unguwanninmu, Gyadi-Gyadi, Tarauni, Hausawa, Darmanawa, Unguwa Uku, akwai abu uku da ba sa rabuwa da shi: kashin kaji da ke taruwa, ruwan tankin kifi da ake canzawa, da wani lungu mai inuwa a gindin bishiya ko bayan katanga wanda komai ka shuka a wurin ba ya yi. Tumatir ya miƙe siriri ya faɗi, alayyafo ya ɗashe, attaruhu ya ƙi 'ya'ya. Daga ƙarshe lungun ya koma wurin jibge tsofaffin buhuna da fasassun robobi, wato gidan ɓera kenan, kuma a kusa da kaji.

Akwai tsiron da irin wannan wurin yake so, kuma ɗan ƙasa ne, ba baƙo ba. Sunansa takalmin zomo. Ina raya shi a bayan tankunana, shi ya sa na ga ya dace in bayyana yadda ake yi. Abu ɗaya nake so kowa ya riƙe tun daga farko: taki da ruwan da ke raya shi da damina, su ne kuma ke kashe shi da rani. Wanda ya gane wannan ya gama rabin aikin.

MENE NE TAKALMIN ZOMO?

Tsiro ne na daji da ba ya yin kara. Ganyensa huɗu ne galibi, masu kauri da faɗi, suna kwanciya shimfiɗe a ƙasa, biyu na fuskantar biyu, faɗinsu gaba ɗaya kamar na faranti. Daga tsakiyar ganyen fure ke fitowa, rawaya shar, wani lokaci ya ɗan karkata zuwa ruwan lemo, buɗaɗɗe kamar bakin algaita. Fure ɗaya ba ya wuce yini guda, amma in wannan ya yanƙwane wani na biye da shi.

A ƙarƙashin ƙasa yana da saiwa doguwa mai nama, kaurinta kamar yatsa, da ɓawo ruwan ƙasa. A nan ransa yake. Dangi ne na nesa ga citta da kurkum, kuma halinsu ɗaya: ganye ya mutu da kaka, saiwa ta kwanta, ruwa ya sauka ta sake tohowa. Sau ɗaya za ka shuka, ya yi ta dawowa shekara da shekaru.

Masana tsirrai na kiransa Costus spectabilis. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa zamanin mulkin mallaka, ya tattara sunayen tsirrai da Hausa a littafin da ya fito a 1916, kuma takalmin zomo na ciki. A wasu wuraren ana ce masa tabarmar zomo, saboda yadda ganyen ke shimfiɗuwa.

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne kusan kullum muna ganin hotonsa ba mu sani ba. Ka duba tambarin Najeriya da aka fara amfani da shi a 1960: garkuwa baƙa, farin layin da ke nuna haɗuwar kogin Neja da Binuwai, dawakai farare biyu, jar mikiya a sama. To, furannin nan da ke cikin ciyawa a ƙarƙashin ƙafafun dawakan, takalmin zomo ne, shi ne furen ƙasa. Masu zane kan yi musu jan launi, amma na gaske rawaya ne.

INA YAKE FITOWA DA KANSA?

Ana samunsa a faɗin Afirka mai zafi, daga Afirka ta Yamma zuwa Sudan, har can kudu su Angola da Zimbabuwe. A Najeriya ya fi son dazukan da suka fi Kano ruwa, irin na kudancin Kaduna, Filato da Neja. A can za ka same shi a gindin itatuwa da tsakanin duwatsu, inda ganye ke zuba yana ruɓewa, rana na ratsowa kaɗan-kaɗan, kuma ruwan sama ba ya kwanciya.

Wannan bayanin shi ne darasin gaba ɗaya. Abu huɗu yake samu a daji: inuwa mai ratsin haske, ƙasa mai laushi, ruwa mai wucewa, da watanni na bushewa. Aikinka a gida shi ne ka kwaikwayi waɗannan huɗun. Kano ta fi mahaifarsa zafi da ƙarancin ruwa, daminarmu gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma a Afrilu zafi kan kai digiri 40. Saboda haka a nan inuwa ba zaɓi ba ce, dole ce.

ME YA HAƊA SHI DA MAI KIWO?

Na farko, tsafta. Doguwar ciyawa da tarkace a kusa da kejin kaji mafakar ɓera ce da maciji. Ɓera na cin abincin kaji, yana fasa ƙwai, yana kashe 'yan tsaki, yana kuma yawo da cuta. Tsiron da ke kwance a ƙasa ba ya yin duhu, in ka tsaya kana ganin komai. Kuma lungun da aka shuka abu ana leƙa shi kullum, ba ya zama juji.

Na biyu, yana ba ka dalilin barin bishiya. Na sha ganin sabon mai kiwo ya sare bishiyar tsakar gida don ya samu fili, bazara ta zo kajin su yi ta haki, ƙwai ya ragu, ruwan tanki ya yi ɗumi kamar na wanka. Inuwa kadara ce ga mai kaji da mai kifi.

Na uku, kayan rainonsa kana da su kyauta: taki da ruwa.

Amma kar in yaudare ku. Takalmin zomo ba abincin kaji ba ne, kar a yanka a zuba musu. Ba kuma zai shanye duk ruwan tankinka ba, zan dawo kan wannan a gaba.

ZAƁEN WURI

Ka tsaya a gidanka ka lura da rana na yini ɗaya. Wurin da ya dace shi ne mai samun ranar safe zuwa wajen ƙarfe 10, daga nan inuwa ta rufe shi har yamma. Gabashin katanga ko gabashin ɗakin kaji ya fi, yammaci kuwa ranar la'asar za ta ƙona bakin ganyen.

Bishiyoyi kuma ba ɗaya suke ba:

Mangwaro da tsamiya inuwarsu ta yi duhu a kusa da gindi. Ka matsa zuwa bakin inuwar, inda haske ke ratsowa.

Darbejiya inuwarta ta yi daidai, amma saiwoyinta na da haɗama, suna kwashe ruwa da taki. A ƙarƙashinta gara ka shuka a mazubi.

Zogale da gwaiba inuwarsu sakayau ce, tana yi in akwai katanga da ke tare ranar yamma.

Gawo kuwa bai dace ba sam, domin shi da damina yake zubar da ganye, daidai lokacin da furen ke neman inuwa.

Ka bar aƙalla mita ɗaya tsakanin shukar da bangon ɗakin kaji, fili fetal, ana sharewa. Kar kuma ka shuka a ƙarƙashin indararo ko bakin bututun da ruwan tanki ke fita.

HAƊA ƘASA

Yawancin gidajen da ke wannan yanki ƙasarsu ta sha tako, ta sha ɓaraguzan gini da ruwan wanki. In ka tona rami kawai ka binne saiwa, ruwan Agusta zai kwanta a ramin ta ruɓe. Hanyar da nake bi ita ce in ɗaga wurin sama da ƙasa kamar santimita 20, da bulo ko tsohuwar taya, ko in yi amfani da fasasshen baho da jarkar da aka yanke. In mazubi ne, a huda gindinsa wuri biyar ko shida, a zuba tsakuwa kaɗan kafin ƙasa.

Haɗin kuwa: kwano biyu na baƙar ƙasar gindin bishiya mai ruɓaɓɓen ganye, kwano ɗaya na yashi mai gautsi, kwano ɗaya na takin kaji da ya ruɓe sosai. Ka jiƙa ka dunƙula a hannu. In ya dunƙule, ka taɓa da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya manne kamar yumɓu, ƙara yashi.

MAGANAR TAKIN KAJI

A nan mutane suka fi yin asara. Ɗanyen kashin kaji na da zafi. Warin nan da ke shiga ido in an daɗe ba a kwashe shimfiɗa ba, shi ne ke ƙona saiwa. Masara a gona tana iya jurewa, saiwa mai nama irin wannan ba ta jurewa.

In ka kwashe shimfiɗar, ko ta garin katako ce ko ta ɓuntun shinkafa, ka tara ta nesa da kaji, ka haɗa da busasshen ganye, ka yayyafa ruwa, ka rufe da tsohon buhu. Duk sati biyu ka juya. In ka cusa hannu za ka ji zafi a ciki, alamar yana aiki kenan. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya huce, warin ya koma na ƙasar da aka yi wa ruwa. Sai a lokacin ya zama taki. Wanda ya tara a Fabrairu, kafin Mayu ya samu.

SAMUN IRI DA SHUKAWA

Hanya mafi sauƙi ita ce saiwa. In kana da ɗan uwa ko abokin ciniki a ƙasar masu noman citta, su Kachiya, Kwoi da Kafanchan, ka nuna masa hoto ya duba gefen gonarsa da farkon damina. Ƙa'ida biyu a nan. Kar a tone gaba ɗaya, a ɗauki ɗaya ko biyu a bar saura su ci gaba. Kuma kar a shiga dajin da gwamnati ta killace irin Falgore a yi tono.

Ka karɓi iri da ganyensa a jiki, ko daga hannun wanda ya ga ganyen da idonsa. Dalili kuwa, da rani saiwoyin daji na kama da juna, kuma wasu guba ne. Gatarin kurege, mai jan furen nan da ke hawa bishiya, saiwarsa na kisa. Albasar kwaɗi ma ba ta ciwuwa. Gidan da ke da yara da dabbobi ba a kawo masa saiwar da ba a tantance ba.

Ka duba saiwar da kyau. Mai tauri ake so, ba mai laushi ko wari ba. Manoman citta na kudancin Kaduna sun ga yadda cuta ta cinye musu gonaki a 2023, don haka duk abin da ya fito daga wata gona ka wanke tsohuwar ƙasar da ke jikinsa, wanda ya nuna alamar ruɓa ka ƙona shi.

Lokacin shuka daga ƙarshen Mayu ne zuwa Yuni, in ruwa ya fara zama. In saiwar doguwa ce kana iya raba ta, amma kowane yanki ya kasance da ido, wato inda toho zai fito. Ka shafa toka a inda ka yanke, ka bar shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu ya bushe. Sai ka kwantar da ita a kwance, zurfin santimita 3 zuwa 5, tsakanin wannan da wancan santimita 30 zuwa 40. Ka ba da ruwa sau ɗaya, ka dakata. Kar ka yi ta tonawa kana dubawa, mai haƙuri shi kan dafa dutse. In toho ya leƙo, sannan ka fara ban ruwa sosai.

RUWAN TANKI: YAUSHE, KUMA NAWA?

Ruwan da tarwaɗa ta kwana biyu ko uku a ciki na ɗauke da kashinta da ragowar abinci, taki ne mai sauƙi. Daga fitowar ganye zuwa Satumba, in an kwana uku ba a yi ruwan sama ba, ka cusa yatsa a ƙasa. In ka ji ta bushe har gaɓa ɗaya, ka ba da ruwan tanki, a gindi ba a kan ganye ba, da safe. In ruwan ya yi kauri ya yi wari, ka sirka da ruwa mai kyau rabi da rabi. A Agusta kuwa, sau da yawa ba sai ka ba da komai ba.

Akwai ruwan da bai kamata ya taɓa shuka ba: wanda ka zuba wa gishiri don jinyar kifi, wanda ka sa wa magani, da wanda ka wanke ɗakin kaji da shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Gishiri ba ya tafiya, taruwa yake a ƙasa, musamman a mazubi.

Yanzu lissafi. Kwamin da bai wuce mita ɗaya da mita biyu ba, bokiti ɗaya zuwa biyu ya ishe shi. Kai kuma tankinka lita 1,000 ne. Ka ga furen ba zai raba ka da ruwan ba. Sauran ka juya shi ga masu sha da yawa, ayaba, rake, gwanda, abin da ya rage ya tafi sokawe. A unguwa mai cunkoso irin tamu, inda gida ke jingine da gida, sakin ruwan kifi a kwata shi ne mafarin wari da sauro da rigima da maƙwabta, wani lokaci har a kai ga duba-gari. Kiwon da ya ɓata zumunci ribarsa ba ta da daɗi.

IN YA MUTU, BAI MUTU BA

Wajen Oktoba, in ruwa ya ɗauke, ganyen zai fara rawaya, ya yanƙwane, ya bushe, wurin ya koma kamar ba a taɓa shuka komai ba. A nan ne mai kiwo ke shiga tarko, domin shi kullum ruwa na hannunsa. Ya ga shuka na bushewa, ga ruwan tanki zai zubar, sai ya ce bari in taimaka mata. Saiwar da ke barci ba ta shan ruwa. Ruwan zai zauna a jikinta, ga sanyin hunturu, ta ruɓe. Damina ta zo a jira shiru.

Da ka ga ganye ya fara juyawa, ka rage ruwa. Da ya bushe, ka daina gaba ɗaya, daga Nuwamba har zuwa Mayu. Ba taki, ba ruwa. Ka kafa ɗan sanda don kar a manta a taka ko a jibga kaya a wurin, kuma ka gaya wa yaran gida da mai taya ka aiki, domin galibi su ne ke riƙe da bokiti. In a mazubi yake, ka ɗauke shi zuwa inda ruwan tanki ba ya fantsama kuma ranar bazara ba ta dukansa. Ka rufa masa busasshen ganye kaɗan, kana ɗagawa lokaci-lokaci don duba gara, domin gara na son garin katakon da bai gama ruɓewa ba.

Da ruwan farko mai ƙarfi zai dawo. Kar ka yi mamaki in ya ɓullo gefe da inda ka shuka, saiwar tafiya take a ƙarƙashin ƙasa. Bayan shekara biyu ko uku ka tone a ƙarshen bazara ka raba, ɗaya ta zama da yawa.

ABOKAN GABARSA

Na farko kajinka. Kazar gida in ta ga ƙasa mai laushi da taki, ta samu wurin tono da birgima, cikin minti kaɗan ta fito da saiwar. Agwagwa kuma ganyen za ta tattake ta yage. Ka kewaye da ragar waya mai tsawon gwiwa zuwa ƙugu, ragowar wadda ka yi keji da ita ma ta isa. Sai fara da dodon koɗi da damina, waɗannan a tsince su da hannu da sassafe. Ban ba da shawarar fesa maganin ƙwari a wurin ba, domin tankin kifi na kusa, kuma maganin ƙwari kaɗan ke kashe kifi.

AKWAI KUƊI A CIKI?

Na san wannan tambayar na zuwa. Gaskiya ba kamar buroila ba ce da za ka sayar cikin sati shida ko bakwai. Shekarar farko da ta biyu tara iri kake yi. Amma ka lura da masu sayar da furanni a bakin titunan Kano, yawancin kayansu baƙi ne. Furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga asalinsa Kudancin Amurka ne, darbejiyar ma daga Indiya ta zo. Furen da ke kan tambarin ƙasa kuwa da wuya ka gan shi. Makarantu na koya wa yara alamomin ƙasa daga hoto kawai. Wanda ke da tukwane goma masu kyau yana da abin nunawa ga shugaban makaranta ko mai gidan da ke son ado a inuwa.

Sai dai ka san lokacinsa. Da farkon damina zuwa tsakiyarta yake cikin kyansa. Kafin bikin 1 ga Oktoba ya fara shirin barci. Kuma duk wanda ka sayar wa, ka gaya masa gaskiya cewa zai bushe da rani ya dawo da damina, kar ya zo yana cewa ka sayar masa da matacce.

Shawarata ga mai farawa: saiwa biyu ko uku, tsohon baho ɗaya, a gabashin katanga. Ka fara tara takinka tun yanzu, ka kwashe tarkacen lungun nan, ka jira ruwa.

Wanda ya san wani sunan da ake kiransa da shi a garinsu, ya faɗa mana mu ƙaru. Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mana dabbobinmu daga cuta, ya ba mu damina mai albarka. Amin.